Na je neman Daewoo a garinsu

Motar farko da ta taɓa kwana a ƙofar gidanmu Daewoo Racer ce, fara, wadda Baba ya saya hannun wani abokinsa ina ɗan firamare. Mu yara "Dawu" muke ce mata. Ta kai mu ƙauye sallah nawa ban san adadi ba, kuma duk randa ta yi gardama sai a kira wani tsohon bakanike da ke bayan layinmu. Ban manta ranar da ya buɗe bonet ɗinta, ya daɗe yana kallon injin, sannan ya ɗago ya ce wa Baba: "Alhaji, ai wannan Opel ce ta ari rigar Koriya. A aika yaro Ƙofar Ruwa ya sayo na Kadett, zai hau." Aka sayo, ya kuwa hau kamar don ita aka ƙera shi.

Ƙaddara ta sa ni ma a Ƙofar Ruwan na tsinci abincina, ina sayar da kayan gyaran mota. Shekara da shekaru ina karɓar kaya hannun masu shigowa da su, har dai a watan Oktoban 2025 na ce bari ni ma na je Koriya ta Kudu na gani da idona. Injuna da giya na Hyundai da Kia na je haɗowa, amma can cikin raina akwai wata ƙaramar buƙata da ban faɗa wa kowa ba don kada a yi mini dariya: ina so na ga gidan da aka haifi motar Baba.

Daga Kano muka bi ta Addis Ababa, muka kwana a sama, muka sauka filin jirgin Incheon da yamma. Filin a kan tsibiri yake, sai an bi doguwar gada a kan teku kafin a shiga gari. Wanda ya zo tarye na wani Bahaushe ne ɗan zangon Kumasi, ya shekara goma sha yana dillancin motoci a can, har bakinsa ya kama yaren ƙasar. Ɗan Kumasi nake ce masa, shi kuma ya ƙi kira na da komai sai Maigida, duk da ban ba shi shekara biyar ba. Tun daga kan gada na manna fuska a gilas ina ƙirga motoci. Hyundai, Kia, Kia, Hyundai, Genesis, Benz, BMW, sai kuma Kia. Muka yi kusan rabin awa ban ga Daewoo ko ɗaya ba. Da na tambaye shi sai ya kwashe da dariya.

"Maigida, ka makara da shekara goma sha huɗu. Tun 2011 aka cire sunan daga jikin mota. Ka nemi mai tambarin Chevrolet, ita ce Daewoo ɗinka." Ya kuma gyara mini baki: ba "Dawu" suke cewa ba, "De-u" ne.

Washegari muka shiga filin tsofaffin motoci na Songdo, a unguwar Ongnyeon. Da wurin shaƙatawa ne na bakin ruwa, yanzu ya zama makeken fili na tsakuwa da ƙura, motoci jere iya ganinka, an rubuta shekara da farashi a gilas da alli mai ruwa. Ofisoshin dillalai kwantenoni ne da aka fasa wa taga. In ka rufe ido ka saurara sai ka rantse a Jidda kake: Larabcin Libiya, na Masar, na Jodan, ga 'yan Kirgistan, ga 'yan Ghana. Kowa kuma "sajang-nim" ne, wato maigida ko oga, daga mai sayen mota ɗari har mai sayen fitila guda. Abin da ya tara mu duka a nan shi ne sitiyari. Koriya hannun dama take bi kamar mu, don haka motarsu ba ta buƙatar a juya mata sitiyari kamar ta Japan.

A can ƙarshen fili, inda ake jibge waɗanda ba a ɗoki, na fara haɗuwa da dangin da na zo nema. Ga Spark ƙanana birjik, ga Cruze, ga Captiva, ga wata Lacetti da rana ta cinye wa fenti. Ɗan Kumasi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini sunan yanka da na laƙabi. Spark ita ce Matiz. Cruze a nan Lacetti Premiere aka fara kiranta. Captiva kuwa Winstorm ce. Kalos ita muka sani da Aveo, Lacetti ta zo mana a matsayin Optra, Tosca ta zama Epica. Na yi shekaru ina sayar da kayan waɗannan motoci a shago, ina ce wa kwastomomi kayan motar Amurka ne. Allah Ya yafe mini, ashe duk 'yan garuruwan Koriya ne, Incheon da Changwon da Gunsan.

Muna nan sai ga wani Basudane ya tsaya gaban wata 'yar bas siririya mai kama da burodi, yana shafa ta kamar ya ga ɗan'uwansa. Damas ce. Ya ce a Khartoum "Amjad" ake kiranta, ita ce motar haya ta cikin unguwanni, ta ɗauki iyali da kayan cefane ta kutsa lungun da babbar mota ba ta isa ba. Nan Ɗan Kumasi ya ce ai su nasu Tico ne. Wai a zamaninsa in ka tsaya a kasuwar Kejetia ta Kumasi ka jefa dutse, kan tasi Tico zai faɗa. Su biyun suka shiga musun wacce ta fi juriya, ni kuwa ina tsaye ina dariya, don duka biyun 'ya'yan Suzuki ne. Tico daga Alto aka samo ta, Damas da ƙanwarta Labo, 'yar a-kori-kura, daga Carry. A 1991 aka fara yin su a masana'antar Changwon da ke kudu, kuma abin mamaki reshen Daewoo mai ƙera jiragen ruwa ne ya fara yin su. Tico ta daɗe da tafiya, amma Damas da Labo sai da suka shekara talatin cif, aka tsayar da su a 2021. Masu wanki da guga, masu kai furanni da masu ƙananan shaguna na Koriya sun yi ta roƙon kada a daina, don ba su da wata mai arha kamarsu. Har yanzu ana yin Damas a Uzbekistan, da tambarin Chevrolet a goshinta.

Sai ranar Asabar na samu sararin zuwa Bupyeong, unguwar Incheon da tsohuwar masana'antar Daewoo take. Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka hau. A babbar tashar Bupyeong na ce bari na leƙa kasuwar da ke ƙarƙashinta na saya wa yara rigunan sanyi, kuma nan na gane kurena. Shago sama da dubu ne a cikin rami, layuka sun sarƙe kamar Kantin Kwari, sai dai babu rana balle ka san gabas. Na ɓace wa Ɗan Kumasi na kusan awa guda, na fito ta ƙofa uku daban-daban duk ba ita ba ce. Daga nan muka ƙara tasha kaɗan zuwa Galsan, muka haura sama.

Ga shi nan. Doguwar katanga, itatuwa masu ganye rawaya sun jeru a gefenta, bayanta kuma rufin gine-gine masu launin toka da bututun hayaƙi. Ba a bayan gari masana'antar take ba, gari ne ya zagaye ta. Dogayen benayen kwana suna leƙa cikinta ta kowane ɓangare. A bakin ƙofa an rubuta GM, wato General Motors. Ban yi shirin shiga ba, don ba wuri ne da baƙo zai faɗa haka kawai ba, sai muka bi gefen katangar a ƙafa. Mun yi tafiya har ƙafata ta fara ƙorafi ba mu zagaye ta ba. Jefi-jefi sai tirela mai hawa biyu ta fito ɗauke da sababbin ƙananan jif-jif, an manna musu farar leda a bonet, ta miƙe hanyar tashar jiragen ruwa.

Yunwa ta kai mu wani ƙaramin gidan abinci da ke fuskantar katangar. Gasasshen kifi da shinkafa na nema, don shi ne abin da hankalina ya kwanta da shi. A teburin kusa da mu akwai wani dattijo mai furfura yana cin abinci shi kaɗai. Da ya ji Ɗan Kumasi yana yarensu sai ya juyo, aka fara hira. Da aka ce masa na zo daga Najeriya ne don ganin inda aka yi motar mahaifina, sai ya ajiye tsinken cin abincinsa ya tambayi wace iri. Na ce Racer. Ya buga tebur ya ce, "LeMans!" Ashe a layin haɗa ta ya fara aiki yana saurayi. Ya zuba mini ruwa da hannu biyu, ni ma na karɓa da hannu biyu, na kira shi Baba, Ɗan Kumasi ya fassara masa da kalmar da suke girmama dattijo da ita.

Abin da na fahimta daga hirarsa, na haɗa da abin da na riga na karanta, shi ne wannan fili tamkar gidan haya yake. Gini ɗaya, 'yan haya suna ta sauyawa. A 1962 wani kamfani mai suna Saenara ya fara harhaɗa Bluebird ta Nissan a nan, bai yi nisa ba kuɗin waje suka yanke masa. Shinjin ya karɓa a 1965, ya ƙulla da Toyota, aka shiga yin Corona da Crown. A 1972 Toyota ta tattara nata ya nata ta fice, saboda tana hangen kasuwar Sin, su kuma mahukuntan Sin a lokacin sun ce ba za su yi hulɗa da kamfanin da ke zuba jari a Koriya ta Kudu ko Taiwan ba. A shekarar ce General Motors ta Amurka ta shigo, aka raba hannun jari biyu, aka sa wa kamfanin suna GM Korea. Wato sunan da ke jikin ƙofar yau tsohon suna ne ya dawo. Motarsu ta farko, Chevrolet 1700, mai shan mai ce, ta kuma faɗo daidai lokacin da man ya yi tashin gwauron zabo a 1973. Shinjin ya durƙushe, bankin raya ƙasa na gwamnati, KDB, ya karɓi kasonsa a 1976 aka koma Saehan. Daewoo ya sayi wannan kaso a 1978, sai a 1983 sunansa ya hau kan kamfanin.

LeMans ɗin dattijon a 1986 ta fito. Zanen Opel Kadett ne na Jamus, a ƙera a Bupyeong, a kai Amurka a sayar da sunan Pontiac, a kawo mana da sunan Racer. Da na ba shi labarin bakanikenmu da maganar aron riga, sai da ya yi dariya har ya share ido. Ya ce wannan bakanike ya fi wasu injiniyoyi sani.

Mai Daewoo, Kim Woo-choong, da fataucin yadi ya fara a 1967, kuma mutum ne da ba ya son a ce masa tsaya. Amurkawa na so ya tsaya a matsayin mai yi musu aiki, shi kuma yana so ya kai motarsa duk inda ya ga dama. A 1992 aka raba gari. Daga nan ya saki linzami. Ya sayi kamfanin motoci na FSO a Foland, ya shiga Craiova a Romaniya, ya kafa masana'anta a Asaka ta Uzbekistan, ya shiga Indiya da Yukren, a 1998 ya haɗiye kamfanin motocin Koriya na SsangYong. Aka yi wa LeMans kwaskwarima ta zama Cielo, wadda wasu ƙasashe suka sani da Nexia. Ga Espero da gidan zane na Bertone a Italiya ya tsara. Har Legend ta Honda sai da aka harhaɗa a ƙarƙashin sunan Arcadia, kun ga an ƙara ɗan haya ke nan. Sannan cikin ɗan taƙin lokaci, tsakanin ƙarshen 1996 da 1997, suka fito da nasu na kansu guda uku a jere: Lanos, Nubira, Leganza. Matiz ta biyo baya a 1998, da zanen da mai zanen motoci ɗan Italiya, Giugiaro, ya fara yi wa Fiat suka ƙi ɗauka. Dattijon ya ce a shekarun nan ba wanda ke tafiya a hankali a cikin masana'anta, komai "palli-palli", wato maza-maza.

Duk wannan da bashi aka yi shi. Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda abin yake: muddin kaya na tafiya, mai bin ka bashi abokinka ne. Da guguwar tattalin arzikin Asiya ta taso a 1997, kuɗin Koriya ya faɗi, sauran manyan kamfanoni suka shiga rage kaya, shi Kim sai ya ƙara ciyo wani. A 1999 rukunin Daewoo gaba ɗaya ya ruguje da bashin gwamman biliyoyin dala. Kim ya bar ƙasar, bai dawo ba sai 2005, aka ɗaure shi kan maguɗin lissafi, daga baya aka yi masa afuwa, ya rasu a Disambar 2019. Ni dai ban iya yanke masa hukunci ɗaya ba. Wanda ya ɓoye asara a littafi ya cuci mutane, babu ko tantama. Amma kuma da bai yi wannan ganganci ba, da Tico ba ta je Kumasi ba, da Damas ba ta zama Amjad ba.

Da hira ta zo kan 2001 sai muryar dattijon ta sauka. Ford ta zo kamar za ta saya a 2000, ta duba littattafai ta janye. A Nuwamba kamfanin motar ya karye. A Fabrairun 2001 aka aika wa ma'aikatan Bupyeong 1,750 takardar sallama, shi ma yana ciki. Ya nuna mana titin da ke gaban gidan abincin, ya ce nan suka yi ta artabu da 'yan sandan kwantar da tarzoma, matansu na tsaye da yara a goye. Ya yi 'yan shekaru yana aikin gini da tuƙin dare. GM ta dawo a Oktoban 2002 ta sayi abin da ta zaɓa, kuma da farko ma ba ta haɗa da Bupyeong ba, sai a 2005 ta karɓe ta. Manyan motocin dakon kaya suka tafi hannun Tata ta Indiya, bas-bas kuma wani kamfanin Koriya mai ɗinkin huluna ya saye su. Zuwa 2006 an mayar da mafi yawan waɗanda aka sallama bakin aiki. Ya ce ranar da ya sake sa rigar aiki bai iya cin abincin rana ba.

Na tambaye shi ko wace mota yake hawa yanzu. Ya ɗan yi murmushi ya nuna wata Malibu baƙa a bakin titi, ya ce daga layinsu ta fito, kuma an rufe layin a Nuwamban 2022. A shekarar aka daina Spark. Masana'antar Gunsan kuwa tun 2018 aka kulle ta, bayan GM ta janye Chevrolet daga kasuwar Turai, inda yawancin motocin Gunsan ke zuwa. A lokacin sai da KDB ya zuba dala miliyan 750 kafin Amurkawa su yi alƙawarin zama na shekara goma. Yau GM ke da kusan kashi 77 cikin ɗari, KDB na da 17, ragowar na SAIC ta Sin.

To me ake yi a bayan katangar yanzu? Ƙananan jif ne zalla. Trailblazer da 'yan'uwanta biyu masu tambarin Buick, Encore GX da Envista, a nan Bupyeong. Trax kuma a Changwon. Manyan da ake gani a shagunansu, irin su Colorado da Cadillac, shigo da su ake yi daga ƙetare. A 2024 kamfanin ya sayar da mota kusan 500,000, amma abin da aka saya a cikin Koriya bai wuce wajen 25,000 ba. Kusan duk sauran jirgi suke hawa, akasarinsu zuwa Amurka. Buick ɗin nan da ake ƙerawa a unguwar, ɗan unguwar bai saba ganinta a titi ba sai a bayan tirela. Na tuna masu saƙar da ke yi wa wani gari zane alhali su ba sa ɗaurawa. Shi ya sa da Amurka ta ɗora harajin kashi 25 kan motocin waje a Afrilun 2025, sannan a watan Mayu kamfanin ya ce zai sayar da cibiyoyin gyaransa tara da wani ɓangaren filin Bupyeong da ba a amfani da shi, hankalin unguwar ya tashi. A jikin katanga mun ga ƙyallayen ƙungiyar ma'aikata masu jan rubutu. Mai gidan abincin ma ta sa baki daga bayan kantar shagon, Ɗan Kumasi ya ce cewa take kowa 2028 yake ƙirgawa, shekarar da alƙawarin zai cika. Dattijon bai ce komai ba, ya tashi ya riga mu biyan kuɗin kifin, duk rantsuwar da na yi.

Kwana biyu kafin na taso na shiga Seoul, na yi sallah a babban masallacin Itaewon. Da na fito daga tashar jirgin ƙasa ta Seoul sai ga wani jibgegen bene mai launin jan ƙasa ya tare gabana. Nan ne hedikwatar Daewoo a da, yanzu Seoul Square ake kiransa, da dare ana haska hotuna a jikinsa. Sunan dai bai mutu duka ba; kamfanin gine-ginen da ke ɗauke da shi yana nan, har yana cikin masu aikin faɗaɗa masana'antar iskar gas ta Bonny a ƙasarmu, sai dai ba abin da ya haɗa shi da masu motar.

Ranar loda kwantena muka je wata mayankar motoci a bayan gari ɗauko giya guda shida da suka rage. Ana cikin ɗaure kaya na hango wata Lanos an ɗora mata wata mota a ka, gilas duk ya zube, amma tambarin gabanta na nan, mai kama da buɗaɗɗen mafici. Ba irin na motar Baba ba ne, wannan na baya ne, amma na roƙi mai wurin ya cire mini. Ya sa sukundireba ya ɓamɓaro shi, na tambayi kuɗi, ya kaɗa hannu ya ce wani abu yana dariya.

"Me ya ce?"

"Ya ce, Maigida, kai ne mutum na farko da ya taɓa tambayarsa wannan. Wai in kana so ka ɗauki motar gaba ɗaya."

Na ce a gaya masa kwantena ta cika. Na naɗe tambarin a hankici na sa a aljihun gaba, muka koma kan lissafin giya, don ɗaya daga cikin shidan ba ta yi mini kama da lambar da aka rubuta a takarda ba.